Jaririn da Muka Auna Sau Uku

Da Larabcin Islamiyya na sauka a Sabha, kudancin Libiya. Ranar farko da na je sayen tumatir, na tsaya gaban mai shago na jero masa buƙatata da cikakkun wasula, kamar yadda malaminmu ya koya mana a Kano. Mutumin ya saurare ni har na dire, sannan ya ce amin. Sai da na shekara biyu kafin harshena ya lanƙwasu na iya maganar kasuwa. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota, ni kuma ina ɗinki a gida, a unguwar Jadid.

Wadda ta karɓi haihuwar 'yata ta biyu a ƙaramin asibitin unguwa wata Balibiya ce, gajeriya, kakkaura, mai muryar da ake ji daga bakin titi. Ungozomar asibiti ce, amma kowa Daktora yake ce mata, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Wata ranar bazara sai ga ta a ƙofar gidana da jakar takardu. Ta ce an ba su aikin bin gidajen baƙi, su tambayi masu jego yadda suka yi goyon ciki, inda suka haihu, abin da suke ci, da yadda jariri yake, don matanmu ba sa zuwa asibiti sai abu ya ɓaci. Ba ta jin Hausa in ban da "sannu" da "kawo". Tana son tafinta.

Da na gaya wa maigidana, ya daɗe yana kallona.

"Ke da in kika fara tambayar mutum sai ya manta hanyar gidansu, ai aikin ya sami mai shi. Je ki, ko ni ma na huta."

Gidan farko da muka je wani gini ne da ba a ƙarasa ba, inda 'yan Nijar masu aikin gini suke haya da iyalansu. Daktora na gaba da ma'auni a hammata, ni ina biye da takardu a rungume. Tun daga waje muke jin kukan jariri. Na yi sallama sau uku, sannan wata mata ta leƙo da ido ɗaya. Idon bai kalle ni ba, takardun ya kalla.

"Mun zo barka ne," na ce. "An ce an haihu a gidan nan."

"Ba a haihu ba."

"To kukan da muke ji fa?"

"Akuya ce."

A bayanta, a kan igiya, ga tsummokin jariri a shanye sun fi goma. Na fassara wa Daktora. Ta ce in gaya mata akuyar tana da tsafta ƙwarai. Matar ta rufe ƙofa.

Gida huɗu muka shiga ran nan, babu wadda ta haihu. A hanyar komawa na fahimtar da Daktora abin da ya kamata in faɗa mata tun farko. A wurin wanda ba shi da iƙama, wato izinin zama, takarda ba ta taɓa zuwa da alheri ba. Duk mai rubuta sunanka, gobe mota zai turo. Muka shirya cewa ba za a rubuta sunan kowa ba, takardu kuma su shiga kwando a rufe su da mayafi. Sannan na ce sai mun bi ta hannun Inna.

Inna tsohuwa ce 'yar Tawa ta Nijar, ta fi shekara ashirin a Sabha. Duk macen da ta haihu nesa da uwarta, Inna ce uwarta. Ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ke dama kunun kanwa, ita ke faɗa da miji in bai kawo ƙafar saniya ba. Muka same ta tana hura wuta a ƙarƙashin rabin tanki. Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta dubi Daktora sama da ƙasa.

"Ɗiya nawa gare ta?"

"Bakwai, Inna."

"To ta san wani abu. Ku taho."

Da Inna a gaba, ƙofofi suka fara buɗewa. Matsalar ita ce Inna ba ta ga dalilin da za a tambayi yarinya alhali ga ta a zaune ba. In na ce wa mai jego, "Sau nawa kika je awo?" sai Inna ta ce, "Biyu. Na biyun ma ni na kora ta." In na ce, "Nono yana zuwa sosai?" sai ta ce, "Ina dama kunu nono shi ƙi zuwa?" Daga baya Daktora ta gano dabara. Da mun zauna sai ta miƙa wa Inna jaririn, ta ce a duba mata cibiya, don ita idonta ba ya gani sosai. Kafin Inna ta gama duba cibiya da maɗiga da 'yan yatsu, mun ci shafi biyu.

Akwai tambaya guda da ta wahalar da mu. Wai a cikin satin nan, sau nawa kika ji baƙin ciki ko kika yi kuka: ko kaɗan, wani lokaci, sau da yawa, ko kullum. Duk wadda na karanta wa, amsa ɗaya ce.

"Alhamdulillahi."

Daktora ta juya takarda gaba da baya, babu gurbin alhamdulillahi. Ta ce in sake tambaya. Na sake. Alhamdulillahi. A hankali na koyi rarrabe su. Akwai wadda ake faɗa da sauri ana dariya, wannan ko kaɗan ce. Akwai mai biyo bayan ajiyar zuciya. Akwai kuma wadda ake faɗa ana kallon ƙofa, ko miji ya shigo. In na ji irin ta ƙarshe sai in taɓa gwiwar Daktora, ta yi ɗan ɗigo a gefen takarda, mu sake zagayowa gidan wata rana ba tare da kwando ba.

A wani gida kuma muka sami yarinya 'yar Maradi, haihuwar fari. Tun da muka zauna ba ta kalli jaririnta ba. Na tambayi sunansa, ta sunkuyar da kai. Ya yi kuka, ta juya fuska bango, sai da Inna ta ɗora mata shi a cinya, ta ba shi nono tana kallon rufin ɗaki kamar ba a jikinta yake ba. Daktora ta tsorata. Ta jawo ni waje ta ce wannan ciwo ne babba, uwa ta ƙi ɗanta, sai an kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na ce ɗan fari ne, kunya take yi. Ta ce kunyar wa, ba ita ta haife shi ba? Na ce ai shi ya sa. Muna cikin wannan gardama muka leƙa ta taga. Inna ta fita duba wuta, ɗaki ba kowa, yarinya ta rungume ɗanta tana shinshina wuyansa tana yi masa gwalangwaso. Daktora ta goge abin da ta rubuta har takarda ta huje.

Faɗansu na gaske da Inna a kan kanwa ne. Daktora ta ɗanɗana kunun, ta yamutse fuska, ta ce wannan da ruwan zafin da ake wa mace safe da yamma suna iya kumbura ta su taɓa mata zuciya. Ta ce a ba su hulba da asida, wato tuwon fulawa, kamar yadda 'yan Libiya suke yi. Inna ta ce hulba sai ta sa mace wari kamar ɗakin mai magani, kuma da kanwa aka yi jegon uwar uwarta. Ni ce a tsakiya. In Daktora ta ce, "Tsohuwar nan za ta kashe wata," sai in ce, "Inna, ta ce hannunki akwai albarka, a ɗan rage kanwar dai." In Inna ta ce, "Gaya ma wagga gajeruwa ta kama kanta," sai in ce, "Daktora, ta ce za ta duba maganarki." Kowacce ta riƙa gaya mini cewa ɗayar tana da saurin fahimta.

Abin da ya jawo mana rigima bargo ne. Wata rana muka sami jariri kwance a kan buhun siminti da aka shimfiɗa wa zane. Daktora ta koma motarta ta ɗauko bargon jikanta da sabulu biyu ta ba uwar. Kafin sati ya zagayo labari ya kai har unguwar Abdulkafi cewa Daktora na rabon bargo, kowane jariri guda. Ana tsakiyar zafin da ko kaza ba ta fita, amma duk wanda ya taɓa yin hunturu a Sabha ya san darajar bargo. Matan da suka ce akuya ce suka fara aiko mana. Daktora ta ji daɗi, ta ce jama'a sun waye.

Wata Talata da hantsi aka kira mu Abdulkafi, wai gida uku a layi ɗaya an haihu. Inna ta shiga mota tana ta gyaran murya, ba ta ce uffan ba har muka isa, abin da ban taɓa gani ba.

A gidan farko aka kawo mana yaro ɗan kwana goma, baƙi, mai yalwar suma, da cindo a hannun hagu, ɗan ƙaramin yatsa na shida yana reto. Daktora ta auna shi, ta yaba, ta duba cindon ta rubuta. Uwar ta amsa tambayoyi tiryan-tiryan. Ta haihu lafiya, tana cin abinci lafiya, komai lafiya. Da muka miƙe ta ce, "Bargon fa?" Daktora ta ce sai ta dawo.

Gida na biyu muka ɗan jira, aka ce ana yi wa jaririya wanka. Aka fito da ita cikin riga mai ruwan hoda, an zizara mata kwalli har gira, an ɗaura mata ɗan kallabi. Na karɓe ta, na kama hannun hagu, sai ga cindo. Na dubi Inna. Inna ta dubi rufi. Uwar ta ce kada a tuɓe ta, tana mura, a auna ta da kaya. Daktora ta yarda, amma da ta ga yatsan sai ta zabura.

"Biyu a layi ɗaya! Tambaye ta, mijinta ɗan'uwan na gidan can ne?"

Na tambaya. Matar ta ce ko kusa, su daga Damagaram suke, waɗancan daga Agadas. Daktora ta ce to ko ruwan unguwar ne, a ina suke ɗiban ruwa? Ta cika gefen takarda da rubutu. Ni kuwa na san abin da ake ciki, amma yaya zan tona asirin mace a cikin ɗakinta? Na ce a raina, bargo ne dai, ba rai ba.

A gida na uku, wadda ta fito a matsayin mai jego ta kusa sa'ar Inna. Ta ɗaura zane a ƙirji tana tafiya a hankali tana cije leɓe. Na ce mata barka da arziki, ta ce barkanmu dai, ta sha wuya. Aka miƙo jariri ta bayan labule. An cire rigar hoda, amma kwallin yana nan. Daktora ta buɗe hannun hagu ta yi kabbara. Ta ce wannan sai ta kai wa shugaban asibiti da kanta.

Ta tuɓe shi ta ɗora a ma'auni. Yaron da aka yini ana yawo da shi ya gaji. Ya saki fitsari sama, ya sauka a gaban rigar Daktora, sannan ya tsala kuka yana cusa hannu a baki.

"Yunwa yake ji," in ji Daktora. "Ce mata ta ba shi nono."

Na faɗa. Matar ta ce yanzu ya sha.

"Ta ƙara masa. Ina son in ga yadda yake kamawa, akwai shi a takarda."

Matar ta dubi Inna, ta dube ni, ta dubi labule. A bayan labulen wata ta kasa riƙe dariya, na kuma gane muryar uwar gidan farko ce. Daktora ta dubi ma'auni, ta jawo takardun gidajen biyu ta kwatanta. Na ga wuyanta yana yin ja. Na soma shirya yadda zan fassara zagi ya koma gaisuwa. Amma ba ta yi zagi ba. Ta ɗauki yaron ta sa masa ɗan yatsanta a baki, ya kama da ƙarfi.

"Ina uwarsa?" ta ce. "Uwar da za ta bar ɗan kwana goma tun safe ba nono, ba lafiya take ba."

Wannan ban ƙara ban rage ba, na faɗe shi yadda yake. Inna ce ta miƙe.

"Ku taho. Na ce masu kar su yi, ba su ji ba."

A ƙarshen layin, bayan wani garejin mota, akwai ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Uwar yaron ta gaske, wata yarinya, tana kwance ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Fuskarta ta kumbura har idanun sun shige, ƙafafun kamar turmi. Mijinta yana aikin gonar dabino a Zighan, sai bayan sati biyu yake zuwa. Kwana uku ke nan kanta yana sarawa, ta ce tana ganin wasu ƙyalƙyali kamar ƙwari a gabanta. Maƙwabtan suna ɗaukar yaron ne don ta samu ta runtsa, suna ba shi ruwan dabino, daga nan shawarar bargo ta shigo. Sun ce in an samu uku, ɗaya nata ne. Asibiti kuwa ta ce ko a mafarki, ba ta da takarda ko ɗaya, katin awon da ta zo da shi daga gida ma ya ɓace a hanya.

Daktora ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Ba ta gaya mini abin da ta gani ba. Ta ce kawai, "Kama ƙafafun." Yarinyar ta fara kuka tana roƙona, "Yaya, don Allah, kar a kai ni, za su riƙe ni." Inna ta durƙusa ta kama fuskarta.

"Ke ɗiyata, ni zan shiga gaba. Wanda zai riƙe ki shi fara da ni."

Muka sa ta a bayan mota, kanta a cinyata, jariri a hannun tsohuwar da ta sha wuyar haihuwarsa ɗazu, wadda ta shigo ba a gayyace ta ba. Daktora ko a ranar lafiya tuƙinta sai da addu'a, ran nan kuwa duk surar da na haddace sai da na karanta. A shingen bincike wani saurayi mai bindiga ya ɗaga hannu ya leƙo, ya ga baƙaƙen fuskoki huɗu, ya buɗe baki zai tambayi takardu. Daktora ta zuge gilashi.

"Kai, ba ɗan wance ba ne? Ni na yanke maka cibiya, ka zo da ƙafa, ka wahalar da uwarka kwana biyu. Buɗe hanya!"

Ya buɗe. Da muka wuce na ce ashe ta san shi. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, amma duk ɗan Sabha wata ce ta yanke masa cibiya.

Kwana biyar yarinyar ta yi a asibiti. Likita ya ce jininta ne ya hau bayan haihuwa, da ta ƙara kwana ɗaya a ɗakin nan da sai dai wani labarin. Babu wanda ya tambaye ta takarda, don Daktora ta tsaya a kan gadon kamar kaza a kan ƙwai. Matan nan uku suka raba kwana, kowacce da ranar kawo abinci. Mijin ya iso rana ta uku a bayan motar kayan gwari, da ƙullin dabino, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta godiya da Larabcin da bai wuce kalma biyar ba, yana maimaita su bi da bi.

Ranar da za a sallame ta, Daktora ta yaga takardun nan uku, ta ciro sabuwa, muka zauna a gefen gado muka yi tambayoyin tun daga farko. Ba ta je awo ba ko sau ɗaya. A ɗaki ta haihu, Inna ta karɓa. Da muka zo kan tambayar wa yake taimaka miki da jariri, miji, uwa, maƙwabta, ko babu kowa, sai ta fara dariya tana dafe kai, ta ce a rubuta maƙwabta, amma a rubuta sun yi yawa.

Mun ƙara wata biyu muna zagaye kafin takardun su ƙare. Ban san inda aka kai su ba, ban kuma san wanda ya karanta su ba. Abin da na gani da idona shi ne, asibitin unguwa ya ware safiyar Laraba don masu ciki da masu jego baƙi, ba a tambayar kowa iƙama, ni kuma ina zama a gefen tebur ina fassara. Inna ta rage kanwa, ta ce dama ta lura ta Libiya ta fi ta gida ƙarfi. Duk Laraba takan taso matan layi-layi ta kawo su, ta sa kujera a bakin ƙofa, kowacce sai ta danna mata ƙafa da yatsa ta ga ko ta kumbura kafin ta bar ta ta shiga. Wata rana sabon likita ya tambayi Daktora wace ce wannan tsohuwa da ke tare hanya. Daktora ta ce babbar jami'a ce daga waje, ya gaishe ta da kyau. Ya je ya rusuna ya gaishe ta, Inna ta amsa, ta ce ya miƙo ƙafarsa.